Baƙin Mai da Injin Ban Ruwa: Nasiha ga Samarin Fadamar Haɗeja

Ƙannena da 'ya'yana masu noman rani, idan ruwan Kogin Haɗeja ya fara janyewa daga fadamu, jaura ta fara kaɗawa, duk wanda ya bi hanyar Auyo ko Kiri Kasamma ko Guri da sassafe zai yi ta cin karo da samari a kan babura, kowa ya ɗaure injin ban ruwa a baya, mesa a naɗe, jarkar fetur tana reto a gefe. Kakanninku da jigo da ƙwarya suka shayar da lambunansu, abin da ƙarfin mutum ɗaya zai iya kuwa bai wuce 'yan kwamaye ba. Ƙaramin injin nan ya bazu a yankinmu ne tun daga shekarun 1980, musamman bayan gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, aka shiga bai wa manoma injuna cikin rangwame, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya a farkon shekarun 1990 da rijiyoyin tiyo marasa zurfi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 su ma sun sauya ɗabi'ar kogin, ambaliyar da ake jira duk shekara ta daina zuwa yadda aka saba, wata shekarar ta yi ƙaranci, wata ta zo da ɓarna. Ruwa dai ya koma sai an ɗago shi. A watan Nuwamba na 2023 ma a nan ƙasar Haɗeja gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya. To, duk wannan harka, da iri da taki da kuɗin hayar fili da bashin da aka ciwo, a rataye take a jikin wani abu da bai cika lita ɗaya ba, wato baƙin man da ke cikin injin. Shi ne kuma abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Magana ɗaya nake so ta zauna muku, ita ce zafi da sanyin wurin da inji ke aiki da kuma abin da maƙerinsa ya rubuta su ke zaɓar masa mai, yatsa da ido da araha ba su da ta cewa a nan.

Sai kun san yadda injin naku yake shan mai kafin ku gane dalili. Mafi yawan injunan da ke bakin kogi, masu inci biyu da masu inci uku, ko dai Honda GX160 ne ko kuma kwaikwayonsa da ake ƙerowa daga China. Ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Ba shi da famfon da ke tura mai kamar na mota, ba shi da matatar mai. Wani ɗan harshen ƙarfe ne kamar cokali a gindin sandar da ke riƙe fistin, duk juyi ɗaya ya tsoma a cikin man ya fantsama shi, feshin nan ne ke kaiwa ga bangon silinda da ringi da boris. Injin yana juyawa har sau 3,600 a minti ɗaya idan an buɗe masa wuta, man da ke cikinsa gaba ɗaya kuwa wajen lita 0.6 ne. Wannan ɗan man shi zai shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su cin juna, shi zai kwashe zafi daga fistin, shi zai toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da silinda don kada ƙarfin wuta ya zurare, shi zai riƙe datti da toka kada su daskare a jiki. Ayyuka huɗu ke nan a kan abin da bai kai cikin kwalba ba. Daga wannan bayani kaɗai wani hukunci ya fito: injin da aka girke a karkace a gangaren kogi, man ya taru a gefe guda, cokalin nan iska yake ɗiba, kuma ko man zinare aka zuba masa bai tsira ba. A gyara masa mazauni ya zauna daidai kafin a ja igiya.

Lambobin da ke jikin robar mai, irin su 10W-30 da 15W-40 da 20W-50 da SAE 40, ba ado ba ne kuma ba sunan kamfani ba ne. Awo ne na kauri wanda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta tsara, duniya ta bi. Kowa ya san manja da man shanu suna barci da hunturu, idan suka ji wuta kuma su tsinke kamar ruwa. Baƙin mai ma haka yake, shi ya sa ake auna shi a yanayi biyu. Lambar farko mai harafin W tana faɗin halinsa cikin sanyi, harafin kuwa farkon kalmar da Turawa ke kiran lokacin sanyi da ita ne. Mai 10W an gwada shi a digiri 25 ƙasa da sifili an tabbatar inji zai iya juyawa da shi, 15W a digiri 20, 20W a digiri 15, shi kuma 0W a digiri 35 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu tana faɗin kaurinsa a digiri 100, zafin da ruwa ke tafasa, wanda kusan shi ne zafin man idan inji yana tsakiyar aiki. Akwai ƙasashen da lambar farko take zaman rai da mutuwa. A Kanada da Alaska da arewacin Finland mutane suna hawa wani abin hawa mai kama da babur da ke gudu a kan dusar ƙanƙara, wanda Joseph-Armand Bombardier na lardin Kwibek ya fara fitar da ƙaraminsa kasuwa da sunan Ski-Doo a 1959. Mai irin wannan babur idan ya zuba man da bai dace ba, sanyin digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili zai mayar da shi kamar man kaɗe, injin ya ƙi tashi a tsakiyar daji, ko ya tashi ya yi ta gurzar kansa a bushe. Shi ya sa suke neman irin su 0W-40, kuma da gaskiyarsu.

Na kawo labarinsu ne saboda yanzu wayoyi suna hannunku, kuna kallon makanikan duniya suna ba da shawara, wani zai ɗauka duk abin da aka yaba a can shi ne magani a nan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗarin da ke sa mu rufa da bargo biyu a Haɗeja a watan Janairu yakan tsaya ne wajen digiri 12 ko 13 a sama da sifili, wani daren ya ɗan gota ƙasa, da rana kuma ya haura kusa da 30. Babu man injin da zai daskare a wannan sanyi, don haka wanda ya zuba kuɗi mai yawa a kan 0W don injin ban ruwa ya sayi maganin cutar da ba ta zo garinsu ba. Amma kada wannan ya sa ku ce sanyinmu ba ya yin komai. Man SAE 40 mai lamba ɗaya, wanda shi ya fi yawa a kasuwanninmu, a sanyin asubar hunturu kaurinsa yakan kai kusan ninki uku na 10W-30. Injin da ke dogara da feshi, idan man ya yi nauyi haka, feshin ba ya tashi sosai a mintunan farko, kuma a waɗannan mintuna ne, kafin mai ya gama zagayawa, ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Kun san yadda ake yi. An iso gona da duku-duku, ana gudun kada rana ta yi, ko ana jiran layin ruwa, sai a ja igiya, inji na tashi a danna masa wuta har ƙarshe. Sau ɗaya ba ya kisa, amma a yi haka safiya sittin ko saba'in a jere, sai a ga inji ya fara hayaƙi a ce ai na China ne. Abin da ya kamata shi ne a cika tukunyar famfo da ruwa tukuna, don famfo ba ya son juyi a bushe, a tayar da injin, a mayar da cok da zarar ya kama, a bar shi yana tafiya a hankali minti biyu ko uku kafin a ɗora masa kaya. Barin cok a rufe yana sa ɗanyen fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin mai. Haka ma wanda ya ɗaura inji a babur bai rufe makullin fetur ba, girgizar hanya takan tura fetur cikin tukunyar mai, da safe ya duba geji ya ga mai ya ƙaru, bai san rabinsa ya lalace ba.

Yanzu bari mu zo kan babbar gardama, wadda za ku ji daga bakin manyanku da wasu makanikai, mutanen da ba na raina saninsu ko kaɗan. Suna cewa mai mai kauri shi ne mai, su ɗiga shi tsakanin yatsu biyu su ja, in ya yi yauƙi su ce wannan na gaske ne, in ya tsinke su ce ruwa ne. Yatsa yana auna man ne a zafin inuwar shago, inji kuwa yana aiki da shi a zafin tafasasshen ruwa. Tsakanin digiri 40 da digiri 100 kaɗai, kaurin SAE 40 yana raguwa wajen sau goma. Man da ya fi shi kauri nesa ba kusa ba a yatsa, idan aka kai su zafin aiki tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce. Mai lamba biyu an zuba masa wasu sinadarai ne da ke hana shi saurin tsinkewa idan ya ji zafi, don haka ya fi sauƙin gudu da safe kuma ya riƙe jikinsa da rana. Ban da haka, kauri abu ne da mai ha'inci ya fi iya ƙirƙira. Mai kauri fiye da kima kuma yana da nasa haraji, yana riƙe inji, yana ƙara shan fetur, yana jinkirin kwashe zafi. Littafin Honda na wannan inji 10W-30 ya ambata don aikin yau da kullum, ya kuma yarda da SAE 30 idan yanayi ya wuce digiri 10. Wasu na China sukan rubuta 15W-40 a jikinsu ko a takardarsu. Mutanen da suka ƙera ƙarfen, suka auna kafar da ke tsakanin boris da sandarsa, sun fi yatsan kowa sanin abin da zai ratsa ta.

Duk da haka akwai gaskiya a cikin maganar manya, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Noman rani ba ya ƙarewa da hunturu. Alkamar da aka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba sai Maris take isa girbi, shinkafar rani kuwa tana tsakiyar shan ruwa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Haɗeja ke haura digiri 40, injin da iska ke sanyayawa kuma iskar da yake samu ita kanta kamar daga bakin tanderu take fitowa. Kamfanin Briggs & Stratton na Amurka, wanda ya daɗe yana ƙera ƙananan injuna irin waɗannan, ya yi gargaɗi a littattafansa cewa idan zafi ya wuce digiri 27, injin da ke ɗauke da 10W-30 yana iya ƙara shan mai, sai a yawaita dubawa. Tsohon injin da ringinsa suka saki shi ma mai ɗan kauri yakan rage masa hayaƙi. Ga kuma wata matsalar, ba kowane shago a Haɗeja ko Malam Madori ko Kafin Hausa za ka shiga ka sami 10W-30 ba. Hukuncin da nake gani shi ne, sabon inji ko mai lafiya a ba shi abin da littafinsa ya ce, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In ba a samu ba, ko bazara ta kankama inji ya fara shan mai, 15W-40 na ƙwarai shi ne mafi kusa, domin yana gudu da safe fiye da SAE 40 kuma a zafin aiki ajinsu ɗaya. Shi kuwa 20W-50 a bar wa tsohon da ya gaji da baburan da littafinsu ya ambace shi. Kuma kowanne aka zuba, a duba geji kowace safiya kafin a ja igiya, inji a zaune daidai. Da yawa daga injunan nan suna da na'urar da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa. Wanda ya ce a tsinke wayarta don inji yana yawan mutuwa, ya ce ne a toshe bakin mai gadi don yana hana barci.

Kauri ma rabin zance ne. Baƙin mai na gaske haɗi ne na abu biyu, akwai gundarin man da aka tato daga ɗanyen fetur, akwai kuma sinadaran da ake zuba masa, masu wanke inji, masu riƙe toka ta yi ta yawo kada ta kwanta, masu lulluɓe ƙarfe inda matsi ya yi yawa, masu hana tsatsa da kumfa. Su ne masu tsada, su ne kuma ido ba ya gani. Shaidarsu ita ce wasu haruffa da ke jikin roba bayan kalmar API. Harafin S na injin fetur ne, C na injin gas, harafi na biyu kuma gwargwadon nisansa a jerin haruffa gwargwadon sabuntar ajin: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Honda ta ce SJ ko wanda ya zo bayansa. Ajin SA, na can farko, shi ne man da ba shi da sinadaran komai, kuma masu tsarin da kansu sun ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. To man da ake aunawa daga duro a bakin hanya, a mazubin da ba suna ba lamba, wane aji ne? Mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba, shi ma sarowa ya yi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha yin gargaɗi da kame a kan masu sayar da gundarin mai tsurarsa da sunan man inji, akwai kuma masu tace tsohon mai su sake sayarwa. Ba na cewa duk mai duro maha'inci ne, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma duron da ake buɗewa sau hamsin a rana cikin buji, da mazurarin da ke kwance a ƙasa, ko man asali aka zuba a ciki ya riga ya sha ƙasa kafin ya iso injinka. Akwai wata fahimta ta baibai da ta samo asali daga nan, wai man da ya yi saurin baƙi shi ne marar kyau. Sau da yawa akasin haka ne. Man da ke da sinadarin wanki yana baƙi ne domin ya ɗauko dattin ya riƙe, wanda ya fito garau bayan mako biyu yana aiki kuwa ya bar dattin ne a manne a jikin fistin.

Ƙurar nan da na ambata ita ce babbar abokiyar gabar inji a hunturunmu, ta fi sanyin ɓarna nesa. Hazon da ke rufe mana rana a Disamba da Janairu yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Garin nan mai laushi kamar hoda yana ɗauke da ƙwayoyin da suka isa su kankare ƙarfe. Yana shiga ta matatar iska idan sosonta ya yage ko an cire shi an yar don inji ya ƙara numfashi, yana shiga ta bakin zuba mai idan ba a goge ba kafin a buɗe. Tunda kuma injin ba shi da matatar mai, duk abin da ya shiga yana nan yana zagayawa, mai ya koma ruwan wasa wuƙa, har ranar da aka yi juye. Wannan ne ya sa lokacin juye ya kai zaɓen man muhimmanci. Littafin ya ce sabon inji a juye masa bayan awa 20 na farko, saboda ɓarɓashin ƙarfen da yake zubarwa yana sabo, daga nan kuma duk awa 100 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Mutanenmu wata shidan suke riƙewa su manta da awa ɗarin. Ku yi lissafi da kanku. Injin da ke aiki awa takwas a rana, musamman wanda ake bayarwa haya daga wannan gona zuwa waccan, cikin kwana goma sha biyu zuwa sha uku ya cinye awa 100, kuma a cikinsu ya yi juyi fiye da miliyan 21 a kan wannan ɗan man. Mai yin juye sau ɗaya a kakar noma ya ninka wa'adin sau da yawa. A cikin buji ma ya fi kyau a rage, a juye tun awa hamsin ko sittin, a wanke soson iska duk 'yan kwanaki, a kuma tsiyaye man yana da ɗumi don ya fito da dattinsa.

Na san abin da ke bakinku, kuɗi. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ban ruwa ya zama abin da ke cinye jarin manomin rani, wasu sun rage fili, wasu sun mayar da injunansu masu amfani da iskar gas ta girki. Wanda ke cikin wannan hali idan aka ce masa ya sayi man roba mai hatimi, kuma ya riƙa juyewa duk mako biyu, zai ji kamar mai maganar bai san zafin nema ba. To mu auna. Injin nan idan yana jan ruwa sosai yakan sha fetur lita ɗaya ko fiye a awa, wato a awa 100 ya sha fiye da lita 100. A daidai wannan lokaci baƙin man da yake buƙata lita 0.6 ne. Ko da kuɗin litar man ƙwarai ya ninka na fetur sau goma, juye ɗaya bai wuce kuɗin fetur lita shida ba a cikin ɗari da ɗoriya. Abin da ake ragewa idan aka sayi na duro kuwa wani yanki ne na wannan shidan. A ɗaya gefen ma'aunin akwai fistin da ringi da kuɗin aiki, akwai fetur ɗin da injin da ringinsa suka cinye ke ƙara sha ba tare da ruwan ya ƙaru ba. Mafi muni shi ne lokacin da inji ke zaɓa ya buga. Ba ya bugawa a ɗaki, yana bugawa ne ranar da aka fi matsa masa, ranar da alkama ta ɗauki ciki ko tumatir ke fure, lokacin da ƙishin 'yan kwanaki ke rage amfanin da ba a mayar da shi da ruwan baya. A ranar kowa yana amfani da nasa injin, na haya ya yi tsada, makaniki yana da layi. Araha ba ta ado, a nan kuwa ko abinci ba ta bari.

Wani zai ce ai na robar ma akwai jabu, kuma gaskiya ne, ana tara tsofaffin robobi a sake cikawa a liƙe. Wannan dalili ne na ƙara lura. A saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani yana da shago tsayayye wanda za a iya komawa a yi masa magana, a duba hatimin murfi da lambar haɗi da alamar SON, a guji farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa. Idan robar ta ƙare a huda ta kafin a yar, don kada ta dawo kasuwa da wani abu a ciki. Samari huɗu ko biyar masu maƙwabtaka a fadama suna iya haɗa kuɗi su sayi galan mai lita huɗu, wanda zai yi juye shida har da saura, ya fi sayen kwalba-kwalba sauƙi da aminci. Wani kuma zai ce injin China ne, ko an lallaɓa shi ba ya daɗewa, ga kuma famfo mai aiki da hasken rana ya fara shigowa. Ina fatan ya yawaita ya yi araha, domin zai sauke wa manomi babban nauyi. Amma gonar bana da injin da ke hannu za a shayar da ita, kuma ƙarfen da bai kai na asali ƙwari ba shi ya fi buƙatar man kirki.

Ƙa'idar nan ta wuce bakin kogi. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa mai da fetur a tanki ɗaya ƙona man yake yi tare da fetur ɗin, don haka yana da nasa man daban mai alamar 2T, wanda aka yi don ya ƙone ba tare da barin toka mai yawa ba, yawanci kashi ɗaya cikin hamsin na fetur in dai takardarsa ba ta faɗi wani awon ba. Zuba masa baƙin man mota shi ke toshe fulogi da salansa. Babur irin su Boxer kuma kulocinsa a cikin man inji yake wanka, shi ya sa ake so a ga alamar JASO MA a jikin robar, don wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin santsin da ke sa kuloci zamewa.

Saura tsohon man da aka juye. Sau da yawa a nan bakin ruwa ake kwance noti a bar shi ya tsiyaye a ƙasa, ko a watsa a cikin ciyawar kachala. Ƙasar fadama ruwanta a kusa yake, shi ya sa rijiyar tiyo ke samun ruwa ba tare da an yi nisa ba, kuma abin da ya sauƙaƙa fitowar ruwa shi ke sauƙaƙa shigar guba. Ruwan nan shi ke gangarawa dausayin Baturiya da tafkin Nguru, wuraren da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai suna cin hunturu, shi ne kuma ruwan da ke raya kifin da ake kaiwa kasuwar Haɗeja. Tsohon man inji yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da ragowar ƙuna waɗanda likitoci suka tabbatar suna iya jawo ciwon daji a fata idan ana yawan cuɗanya da su, don haka shafa shi a gyambon dabba ko ƙaiƙayin ƙafa ba magani ba ne. A tare shi a kwano, a juye a jarka mai murfi, a mayar da shi gari wurin masu tarawa, a wanke hannu da sabulu.

Na zaɓi in yi da ku ne, samari, domin yawancinku kun zauna a aji, kuna iya karanta abin da ke jikin roba da takardar inji, abin da iyayenku da yawa ba su samu ba, su kuma suna da sanin ƙasa da ruwa da lokacin shuka wanda ku ba ku kai ba tukuna. Kafin a fitar da inji bana, ku nemo takardarsa in tana nan, in ta ɓata ku duba rubutun da ke jikinsa. Ku tanadi ɗan littafi ko ku buɗe wuri a waya, ku riƙa rubuta awannin da ya yi kowace rana da ranar da aka yi juye. Idan Baba ya aike ku sayen mai ya ce a samo mai kauri, kada ku yi masa gardama a gaban mutane. Ku kawo robar gida, ku zauna kusa da shi bayan sallar isha'i, ku karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ku gaya masa abin da kowace take nufi.